Manta-uwar da Kaka Ta Bar Mini

Na Allah ne mu, kuma gare shi ake komawa. Kakata, mahaifiyar Baba, ta koma da hantsin wata Laraba a farkon daminar bana, bayan ta sha koko ta yi mitar cewa an yi masa rowar yaji. Allah ya jiƙanta, ya sa can ya fi mata nan. Na ɗauki biro ne domin na ga da idona yadda ruwan dam ɗin Tiga ya shanye garinmu ɗungurungum, shekarun ba su da yawa, amma yara har sun fara tambayar wai ta ina yake. Idan gari guda yana iya ɓacewa haka, ina ga tsohuwa ɗaya.

Tun da aka tashe mu, mutanen garinmu suka watse. Mu aka ajiye mu a ƙasar Bebeji, wasu suka bi dangi Kiru, wasu Tudun Wada, wasu har Doguwa. Rabon da a haɗu tun ranar da aka loda kaya a mota, sai ga shi mutuwar Kaka ta tara kowa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda matan suke yin ta'aziyyar. Mace za ta shigo da sallama, ta durƙusa, ta ce ya haƙuri, ta yi addu'a, sai ka ga idonta yana yawo a tsakar gida. Can sai ta sunkuyo ta rage murya.

"Ina manta-uwar? Tana nan kuwa?"

A nuna mata ƙarƙashin rumfa, ta tashi ta je ta tsaya. Wata tsohuwa daga Doguwa ba ta zubar da hawaye a gabanmu ba, sai da ta isa rumfar nan sannan ta fashe da kuka.

Labari ya kai wa Baba a zaure, ya shigo ransa a ɓace. "Uwata ce ta rasu," in ji shi, "amma ciyawa ake gaisarwa."

Ga wanda bai san manta-uwa ba, wata shuka ce da ba ta taka ƙasa. A kan reshen bishiya take zama. Ba kauci ba ce, domin ba ta shan ruwan jikin bishiyar, aron wurin zama kawai take yi. Jikinta kara-kara ne kamar ƙananan rake, da dogayen ganye, saiwoyinta farare, wasu suna kama ɓawo, wasu suna miƙewa sama. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ta yi fure ruwan ɗorawa mai ɗigo-ɗigo, kamar an fesa masa ruwan goro. Mijina malamin firamare ne, ya taɓa gaya wa Kaka cewa a littafinsu okid ake kiran danginta. Ta ce masa to a gaida littafin.

Kaka ita ce mai yayen garinmu. Idan lokacin raba yaro da nono ya yi, wajenta ake kawo shi, uwar ta juya ta tafi ba waiwaye. Kaka ta goya shi, ta sha kukansa, ta dama masa kunu da wani abu daga jikin manta-uwar nan, har ya haƙura ya kama cin abinci. Rabin matan da suka zauna mana makoki a bayanta suka bar nono, ragowar kuma 'ya'yansu ta yaye.

Washegarin jana'iza, muna zaune a kan tabarmi, sai ga wata 'yar maƙwabtanmu na tsohon gari, wadda aka kai aure Ɗansoshiya. Goyo a baya, ƙullin kaya a ka, kaza a hannu. Ba ta ji rasuwar ba. Yaye ta kawo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon taron mata, kazar tana ta fuffuka, ta ce, "Ina Kaka?" Da aka gaya mata, ba ta yi kuka nan take ba, sai ta zauna a ƙasa da kayanta a ka.

Ciki ne ya shige ta tun ba ta yaye yaron ba. Ya rame, gudawa ta sa shi gaba, surukarta ta ce ya sha ciki, kada ta sake ta dawo mata gida da shi yana kan nono.

"To ni yanzu ina zan kai shi?" ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta gyara zama. "Ai an bar wasiyya," ta ce. "Ta ce manta-uwar ta ƙawarta ce."

Ƙawata, haka Kaka take kirana tun ina ƙarama. Duk ido ya dawo kaina. Ni da na daɗe a ɗakin miji ko ɓari ban taɓa yi ba. Ni da ko albasa na dasa sai ta mutu. Akwai Gwaggo mai 'ya'ya har da jikoki, akwai matan yayyena, duk ta tsallake su ta ɗora mini. Na rasa gane ko so ne, ko tsokanar da ta saba yi mini ce ta ƙarasa daga kabari.

Ga kuma halin da shukar take ciki. Tun da muka taso ba ta sake yin fure ba. Tsofaffin kararen sun yamushe sun yi rawaya, ganyen da ya rage bai fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Sai ana gab da rasuwar Kaka wani tofo guda ya ɓullo daga gindi, kore shar, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Gwaggo ta ce da sabon tofo ake haɗa maganin. Kowa kuma ya sani, idan aka yanke wannan, shi ke nan, domin tsofaffin ba su da sauran ƙarfin fitar da wani. Yaro a gefe, tofo a gefe, ni a tsakiya. Sai na koma tuna Kaka, ko zan gano abin da za ta yi da tana nan.

Na tuna ranar tashi. Motocin gwamnati sun zo, kowa yana ta ciccire ƙyaure da azara, ana ɗora turmi da tukwane. Kaka ta shimfiɗa tabarma a gindin tsohuwar kanyar bayan gidanmu ta zauna. Ta ce ba inda za ta sai an saro mata reshen da manta-uwar take kai. Baba ya ce babu wuri a mota. Ta ce a sauke gadonta na ƙarfe.

"Inna, gadon da kika yi adashi kika saya?"

"Na kwana a ƙasa kafin in san gado. Hau ka saro."

Direba yana ta danna oda, Baba yana saman kanya da gatari yana gunaguni. Haka muka shigo sabon gari, mutane riƙe da akwatuna, ita rungume da guntun reshe. Gadon yana can ƙarƙashin ruwa, kuma har ta rasu, duk ranar da bayanta ya yi ciwo Baba take ɗora wa laifin.

Sabon garin fili ne fetal, ko inuwar da akuya za ta fake babu. Rana ta gasa shukar, ganyenta ya fara ƙonewa. A lokacin ne Kaka ta tafi Kiru jinyar wata 'yar uwarta, ta daɗe. Baba kuwa sabon shiga ne a noman rani, ya ga yadda ruwa da taki suke tayar da tumatir a lambunsa, sai ya ce bari ya faranta wa uwarsa. Ya ɓamɓare manta-uwar daga reshenta, ya dasa ta a fasasshiyar randa, ya cika da baƙar ƙasa da takin shanu, ya sa aka riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Mutanen da suka yi rayuwarsu suna tattalin ruwan rijiya, yau ga teku a bayan gida, ai dole a yi wadaƙa. Duk gidan muka taya shi, har da ni da na zo ganin gida. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Da Kaka ta dawo ta ga randar, ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan tsorata mu. Ta tsuguna, ta sa hannu ta zaro shukar. Saiwoyin sun yi baƙi sun ruɓe, suna wari.

"Wa ya taɓa ganinta a ƙasa?" ta tambaya. "Kai, tun kana yaro kake hawa kanyar nan. Ka taɓa ganinta a ƙasa?"

Baba ya ce shi dai alheri ya nufa.

"Na sani. Yaro da shuka, yawancinsu alheri ne yake kashe su."

Ta aika aka sayo sabuwar reza. Ta zauna ta bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta latsa ta ji ta yi laushi ta yanke, ta shafa toka a bakin yankan, ta bar ta a inuwa ta sha iska. Akwai wata Bafulatana mai kawo mana nono daga wajen Falgore, ita Kaka ta roƙa ta samo mata guntun icen kanya mai kaurin ɓawo. A kansa ta ɗaure shukar da igiyar rama, ba tamau ba, ta rataye a ƙarƙashin rumfa inda ranar safe take taɓawa amma ta tsaka ba ta kaiwa. Ba ta zuba mata ruwa. Tsintsiya take tsomawa a ƙwarya ta yarfa mata, kuma ruwan sama ta fi so, wanda take tarawa a wani tulu da ba mai isa ya sha. Da sanyi kusan barinta take yi a bushe. Idan na ce Kaka za ta mutu fa, sai ta ce barci take yi, ba a tashin mai barci da ruwa. Tana tsinto busassun ganye ta cusa a tsakanin saiwoyin, wai abincinta ke nan. Tururuwa ta yi gida a ciki, Kaka ta hana a kore ta.

Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, shukar ba ta mutu ba, ba ta kuma tashi ba. Mu dai mun ɗauka tsufa ne ya sa Kaka take jinyar kara. Akuyar Gwaggo ta taɓa miƙewa ta ci ganye biyu, aka yi wata guda uwa da 'ya ba sa magana sai ta bakin yara. Idan na tuna wannan sai in ce, wadda ta yi gaba da 'yarta a kan ganye biyu ba za ta yarda a yanke tofo ba.

Amma kuma sai in tuna yadda take da yara. Ba ta taɓa mayar da yaro ba. An taɓa kawo mata na wasu baƙin masunta da ba mu san ko daga ina suke ba, ta karɓa, ta raba masa abincinta. Takan ce kuka ba ya kisa, yunwa ce take kisa. Yaro idan ya ƙi ci, ita ma ba ta ci. Wadda take haka, za ta tsaya kallon yaro yana ramewa saboda ciyawa? A nan lissafina yake rushewa.

Akwai kuma abin da ya faru tsakaninta da ƙanenta, wanda muke kira Kawu saboda haka Baba yake kiransa. Shi tashin nan bai karɓe shi ba. Kullum yana bakin ruwa yana kallon wajen da gonarsa take, ba ya su, ba ya lambu. Wata rana da la'asar ina tsince shinkafa ya shigo ya zauna kusa da ita.

"Yaya," ya ce, "ki jiƙa mini abin nan in sha. Na gaji da tuna garin nan."

Na ɗauka za ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Na yara ne," ta ce. "Babba shi yake ɗaukar kayansa."

"Ko kaɗan ne."

"In ka manta, ni da wa zan riƙa tunawa?"

Ya tashi cikin fushi, ta jawo rigarsa ta zaunar da shi. Ta dama masa fura, sannan ta fara: daga masallaci in ka yi gabas gidan wa za ka fara tararwa? Ya faɗa. Na bayansa fa? Haka suka bi garin gida-gida, lungu-lungu, suna musu a kan inda rijiyar makera take, har aka kira magariba. Ranar na ga Kawu ya yi dariya, na kuma ga ya share ido da hularsa. Ya riga ta rasuwa da shekara guda.

Da tunani ya ƙi kai ni ko'ina, sai na koma tambayar matan yadda ake haɗa maganin. Nan ne kaina ya ƙarasa kwancewa. Gwaggo ta ce tofo ake dakawa a zuba a kunu. Tsohuwar Doguwa ta ce ina, saiwa ake jiƙawa. Wata ta rantse ganye ake ƙonawa a shafa wa yaro tokar a baki. Matar yayana ta ce tun da aka taso ba ta ga Kaka ta kai reza jikin shukar ba sai ranar da ta yanke ruɓa, amma kuma yaye ba a fasa ba. Gwaggo ta ce ai tana da busasshe a gwangwani. Muka juye ɗakin, gwangwanin da muka samu allura ce a ciki da maɓallai. Kowacce ta tabbata ɗanta ya sha, ba wadda ta taɓa ganin an haɗa, domin a ɗaki take damawa, ƙofa a rufe. Baba ya ce a kai yaron wajen malam a yi masa rubutu, a jefar da karan kowa ya huta. Rubutun an yi. Jefarwar ce ba wanda ya iya.

Mai goyon dai ba ta da zaɓi. Bayan sadakar uku ta kwance yaron ta miƙo mini.

"Yaya, ga amana. Yadda Kaka ta yi mini, ki yi masa."

Ta juya ta tafi ba waiwaye, kamar yadda aka saba. Mijina ya ce in zauna a gida har a yi arba'in.

Ban taɓa sanin ƙaramin yaro yana da murya haka ba. Ya yi kuka har ta dushe. Na dama kunu ya ture, na ba shi koko ya tofar, na goya shi ya riƙa dukan bayana da kai. Na zaga gidan da shi, na kai shi bakin ruwa ya ga kwalekwale, na dawo. Idonsa ya faɗa. Tsoro ya kama ni sosai.

Washegari da hantsi Gwaggo ta same ni a tsakar gida ta sa mini reza a hannu.

"Me kike jira? Ɗan mutum ya fi ciyawa. Don wannan ranar aka yi jinyarta."

Gaskiya ta faɗa, ba ni da abin musawa. Na je gaban rumfa da yaron a bayana, na tsaya. Na kalli tofon nan da tsohuwa ta yi shekara da shekaru tana jira, ta gan shi da ƙyar kafin ta tafi. Na kai hannu, na dawo da shi. Ko na yanke, daka shi zan yi, ko jiƙawa, ko ƙonawa? Na ce a raina bari in ba shi zuwa azahar. Azahar ta yi na ce zuwa la'asar. Ba dabara ba ce, ruɗewa ce kawai, kuma har yau ban sani ba ko daidai na yi da na yi ta ja da ran ɗan mutane.

Da la'asar ƙafafuna suka gaji, na zauna a ƙarƙashin rumfar, na sauko da shi kan cinyata. Rabona da abinci tun jiya. Kunun da ya ƙi yana gefe ya huce, na jawo na fara sha, ko ta kansa ban bi ba. Sai na ji ɗan hannu a kan ludayin. Na sakar masa. Ya kurɓa, ya tsaya yana ajiyar zuciya, ya sake kurɓa.

Daga ranar ya kama ci. Gudawar ta tsaya, kumatu suka fara dawowa. Ya koma bina duk inda na sa ƙafa, riƙe da bakin zanena, idan na shiga wanka ya zauna a ƙofa yana jira. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun da aka kai ni ɗakin miji, kuma daɗin ya ba ni tsoro, domin na san ba nawa ba ne. Kowace safiya muna zuwa rumfa tare, in tsoma tsintsiya a tulun Kaka in yarfa, shi ma ya miƙo hannu a ba shi ya yarfa. Tofon ya buɗe ganye, wata sabuwar saiwa fara mai koren baki ta fito ta kama ɓawon kanya.

Ana gobe sadakar arba'in uwar ta dawo, cikinta ya fito, ta riƙo mini gyaɗa a ƙwarya. Tun daga ƙofa ta hango shi ya yi ɓulɓul, ta ajiye ƙwaryar, ta durƙusa ta buɗe hannuwa tana kiransa. Ya tsaya ya kalle ta. Sai ya juyo da gudu ya cusa fuskarsa a wuyana.

Matan gidan suka ɗauki barka. Gwaggo ta ce magani ya ci. Uwar ta yi dariya, idonta cike da ruwa, ta ce hannun Kaka bai mutu ba, Allah ya saka mini da alheri. Da na yi shiru da an tashi a haka, kowa da abin da ya yarda da shi. Amma ban iya ba. Na kama hannunta na kai ta ƙarƙashin rumfa, yaron yana maƙale a jikina, na nuna mata tofon a tsaye, ko ƙwarzane babu.

"Ban ba shi komai ba," na ce. "Kunu ne kawai."

Ta daɗe tana kallon shukar. Ta kalli ɗanta, ta sake miƙa masa hannu a hankali, ya ƙara ƙanƙame ni.

"To Yaya," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "in ba ki ba shi ba, me ya sa ya manta ni?"

Na waiga wajen ɗakin Kaka, yadda kowa a gidan nan ya saba yi idan tambaya ta gagara. Ƙofar a rufe take.

Allah ya gafarta miki, ƙawata, ya haskaka makwancinki, ya kyautata namu zuwan.